Galura da Hoton Saini

Da sunan Allah, wanda ya suturta dabba da fata, ya kuma sanar da ɗan Adam yadda zai amfana da ita.

Ku samarin da kuka koyi dukanci a kan keken ɗinki da gam na gwangwani, kun sha tambayata abin da ya sa nake wahalar da kaina da shafi. Kuna ganina a rumfata ta kasuwar Wadata ina fere fatar tunkiya har ta koma kamar ɓawon albasa, ina shimfiɗa ta cikin alabe ba tare da na ɗiga mata rini ba, sai ku ce tsoho yana son aiki biyu. A wurinku alabe abu ne mai sauƙi: a yanka, a shafe da launi ciki da waje, a bi da keke, a rataye. Wanda ya saya ya tafi ke nan. To, ni na ga wanda ya dawo. Sunansa Hamani, direban babbar mota, abin da ya ba mu amana kuwa hoto ne wanda ba shi da na biyu a duniya.

Na zo Yamai ana dab da sauke tutar Nasara. Na riga na sauke Alƙur'ani a garinmu, gemu ya fito mini, amma ba ni da sana'a. Sai aka haɗa ni da Baba Labo, wani Bagobiri baduku da ke Zongo. Rumfarsa ta zana ce, jingine da katangar wani tela. Kayan aikinsa duka ba su cika kwando ba: wuƙar fira, basilla, tsinken huda, katakon yanka da ya yi rami a tsakiya saboda tsufa, da wani dutsen gulbi mai santsi da yake goge fata da shi. Ba ya barin kowa ya tsallake su.

Aikin da ya fara ba ni ba ɗinki ba ne, daka ne. Karan dafi ake kawo mana daga gabas, ɓawon wata irin dawa da ba a nomanta don ci. In daka shi ya yi laushi, in jiƙa da ruwan toka, in tace. Fatar akuya da muka zaɓo a wurin majema na bakin gulbi, sai a shafa mata man gyada kaɗan, a murza, a bi ta da rinin da tsumma, a ɗauraye da ruwan tsamiya, a shanya a inuwa. Jan karan dafi ba ya ihu. Yana shiga fata ya zauna, kamar baƙon da ya zo da iyalinsa. Hannuna ya daɗe yana ja kafin Baba ya yarda in taɓa basilla.

A lokacin akwai wata al'ada da kowane baduku ya tashi a cikinta. Mai sayen alabe ba ya fara duba bayansa, buɗe shi yake yi ya leƙa ciki. In ya ga an rina har lungu, ya san mai aikin ba ya ha'inci. In ya ga fari, sai ya jefar da shi a kan tabarma ya ce an yi rowar rini. Baba kan ce, "Aikin da wajensa ja cikinsa fari, aikin munafuki ne." Kuma al'adar ba ta taɓa cutar kowa ba, domin alaben da, a wuya ake rataya shi, abin da ke ciki kuwa ƙarfe ne da goro da ɗan mabuɗi. Ƙarfe ba ya shan launi.

Laya ce abin da na fara ɗinkawa da hannuna. Malami zai kawo takarda a ninke, Baba ya ɗauki farin zaren auduga ya yi ta naɗe ta har ba a ganin ko gefenta, ya rufe da ƙyallen fari, sannan a sa fata. Na tambaye shi dalili. Ya ce, "Ladabi ne. Fatar dabba ba ta taɓa sunan Allah kai tsaye. Haka ubana ya yi, haka ya tarar." Na riƙe wannan, ban ƙara tambaya ba.

Da aka sami mulkin kai, sai gari ya cika da takarda. Kowa da katin ɗan ƙasa mai hoto, direba da takardar tuƙi, komi, wato akawun ofis, da tasa. Suka daina son alaben wuya. Suna son shimfiɗaɗɗe irin na Nasara, wanda zai shige aljihun riga ya kwanta a kan ƙirji. Muka koyi yankansa, muka iya. Abin da ba mu canza ba shi ne rina ciki.

Sai shekarar fari ta zo. Damina ta yi gardama a gabas, wanda ya sami ɗan ruwa ya shuka abin da zai ci, ba wanda ya tsaya wa karan dafi. Awaki suka rame, fata ta zo mana sirara mai huji. A wannan tsakanin kantuna suka kawo galura, garin rini na ƙasar waje a cikin gwangwani. Ka ɗebi kan cokali ka zuba a ruwa, ka sami jan da ya fi na karan dafi haske, ba daka, ba tacewa. Dukawan Zongo duka suka koma mata. Baba ya yi ta jan ƙafa, har ranar da tukunyarmu ta bushe. Ya aike ni na sayo.

Hamani ya zo muna sabon shiga galura. Bazabarme ne daga wani ƙauye a arewacin Dosso, yana jan mota tsakanin Yamai da Paraku ta ƙasar Dahome. Kun san tsakanin Gobirawa da Zabarmawa akwai wasa, to shi da Baba ba sa haɗuwa a rabu lafiya. Tun daga bakin hanya yake ɗaga murya da gaisuwarsu ta Zabarmanci.

"Fofo, bawana! Har yanzu ba ka mutu ba?"

"In mutu in bar Zabarmawa ba ubangida? Wa zai koya muku sa wando?"

"Ji tsohon da kaza ta yi tono a fuskarsa!" Yana nufin tsagen Gobir da ke kumatun Baba.

"Tonon sarauta ne. Zauna ƙasa, nan ne wurinka."

Ran nan wasan bai yi nisa ba. Hamani ya tsuguna, ya goge hannunsa a wando, ya fito da wani ƙunshin tsumma ya kwance. Hoto ne, bai kai tafin hannu ba. Wani saurayi cikin kayan soja, yana tsaye, ya dafa kujera, hularsa ta ɗan karkace. Gara ta ci kusurwa ɗaya.

"Yayana ne, Saini," in ji shi. "Nasara suka ɗauke shi soja, suka kai shi wata ƙasa da ake kira Indoshin. Daga can ya aiko wannan. Bayan haka sai manzon kumandan, Baturen mulkin yankinmu, ya zo ya ce ya mutu. Ba gawa, ba kabari, ba wanda ya ce mana ga yadda aka yi. Innarmu tana ajiye shi cikin ƙwarya, kullum in ta idar da sallar asuba sai ta duba. Da ta ga gara ta fara, ta ce in kawo shi Yamai a yi masa gida, in mayar mata."

Baba ba mai son hoto ba ne. Ko na katinsa ba ya kallo. Ya duba wannan sau ɗaya ya kau da kai, ya ce, "Uwa uwa ce. Za a yi."

"Ja nake so, ciki da waje. Kada ka yi mini aikin Gobirawa, waje sarki ciki talaka."

"Ka taɓa ganin fari a cikin aikina, ɗan banza? Tashi ka ba ni wuri."

Ban taɓa ganin Baba ya kula da wani aiki kamar wannan ba. Ya fito da fatar akuya da ya ɓoye tun kafin fari. Ya rina ɓangaren gashi, ya juya ɓangaren nama ya shayar da shi galura har ya ƙoshi, don kada a ce ya yi wa mamaci rowa. Da ta bushe ya goge ta da busasshen ƙyalle, ƙyallen ya fito tas. Gwajin da muka sani ke nan. Ya auna aljihun daidai da hoton, matsattse, don kada ya yi motsi ya goge, ya yi masa murfi da maɓallin fata. Bai naɗe hoton da komai ba. Hoto ba aya ba ne, bai ga ladabin da zai yi masa ba, ni ma ban gani ba.

Hamani ya wanke hannu da sabulu kafin ya zura hoton. Ya sa alaben a aljihun ƙirji ya danna da tafinsa. Ya ce mai motar ya matsa masa ya wuce kudu tukuna, in ya juyo zai ratse ƙauye. "Ba zan buɗe ba sai a gaban Inna. Hannuna kullum cikin baƙin mai yake." Baba ya ce Allah ya kiyaye hanya, ko da yake hanya ba ta son Zabarmawa. Suka yi dariya.

Bazara ta shigo da irin zafin Yamai da kuka sani. Wata rana da hantsi wani komi ya tsaya a bakin rumfa, ko sallama babu. A kan farar rigarsa, daidai aljihu, akwai tabo ja mai kusurwa huɗu.

"Tsoho, dubi aikinka. Na shiga ofis ana tambayata ko an soke ni."

Ya buɗe alaben da ya saya wurinmu ya zaro katinsa. Takardar ta rine, hatimin gwamnati ya dushe. Baba ya ba shi haƙuri, ya karɓi alaben. Da mutumin ya tafi, ya ɗauko ragowar fatar da aka yi wa Hamani aiki da ita, ya goga busasshen ƙyalle, ba komai. Sai ya goge zufar goshinsa da ƙyallen nan, ya sake gogawa. Ƙyallen ya fito kamar an yanka kaza a kansa.

Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ce, "Idi, tashi mu je tasha."

Muka bi direbobin kudu ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda zai tashi, Baba ya riƙe ƙofar motarsa ya ce, "In ka ga Hamani, ka ce ya cire hoton daga alabe, don girman Allah." Wasu suka ce yana Paraku yana jiran kayan jirgin ƙasa. Wasu suka ce motarsa ta lalace a hanya, yana kwana ƙarƙashinta. Can kudu ruwa ya riga ya sauka, iska ta yi nauyi, riga ba ta bushewa a jikin mutum. Kowace safiya Baba ya bar mini rumfa ya tafi tasha. Alabe kuwa suna ta dawowa, namu da na maƙwabta. Zongo ta cika da masu jan aljihu.

Saƙon ya sami Hamani a garin Gaya na bakin iyaka, yana kan hanyar dawowa. Ya buɗe alaben a nan. Bai ratse ƙauye ba, ya zarce Yamai.

Ban ji muryarsa daga bakin hanya ba, sai dai na ga inuwa a kan katako. Ya ajiye alaben a gaban Baba. Hoton ya manne da fata, ba ya fita. Baba bai ja ba. Ya ɗauki wuƙa ya warware ɗinkin da ya yi da hannunsa, ya buɗe aljihun, ya riƙa ɗaga takardar a hankali da bakin tsinke yana bismilla. Takalman suna nan. Kujerar tana nan, da hannun da ya dafa ta. Amma daga hula zuwa haɓa, inda alaben ya fi matsuwa da ƙirji, ja ne ya kwanta, mai duhu a tsakiya, ya tsiyaya zuwa wuya. Idanun sun tafi. Wani ɓangare na fuskar ya ɓare ya zauna a jikin fata.

Muka kai wa mai ɗaukar hoto na unguwar, wani mutumin Dahome. Ya jiƙa auduga ya taɓa gefe kaɗan, sai jan ya taso tare da hoton. Ya janye hannunsa.

"Babu abin da zan iya. Da kun kawo mini shi tun farko, da na ɗauki hotonsa na wanke muku yadda kuke so. Ga ni nan kusa da ku."

Tsakanin rumfarmu da shagonsa, ko ruwan alwala ba zai bushe a hannun mutum ba. Ba wanda ya yi wannan tunani.

Da muka dawo Hamani ya zauna a kan tabarma. Bai ɗaga murya ba.

"Baba, da wani ne ba kai ba, da na san abin da zan yi. Amma kai, ko zaginka na yi a tsakiyar kasuwa, mutane dariya za su yi, su ce wasa ne."

"Zage ni a nan, ba mai ji sai Idi."

"Ni na ce ka rina ciki," in ji Hamani. "Zan ce wa Inna ya ɓace. Ko in ce ba a gama ba, har Allah ya yi ikonsa."

"A'a. Amana ce. A mayar da ita yadda take, a faɗi gaskiya. Ka ce mata baduku ne ya yi, ka faɗa mata sunana."

Kafin ya tafi Baba ya ce sai ya yi wa hoton wani gida. Yana neman abin da zai rufe shi da shi, sai hannunsa ya kai kan dunƙulen farin zaren laya. Ya tsaya da shi a hannu.

"Idi, ka taɓa ganin tsohuwar laya da aka kwance, rubutunta ya rine?"

Na ce ban taɓa ba.

"Ni ma haka. Ga ta a jikin mutum, cikin zufa, shekara da shekaru. Ashe ba ladabi kaɗai magabata suke yi ba. Sun bar mana maganin, mun riƙe shi, ba mu san na mene ne ba."

Wannan ne alabe na farko mai shafi da aka ɗinka a rumfarmu. Hamani ya karɓa ya tafi.

Abin da zan faɗa muku yanzu, a sauran watannin shekarar nan muka koye shi, rumfa ba ciniki, lokaci ya yi yawa. Ɓangaren nama na fata kamar soso yake, yana shan rini ya riƙe a sama, ranar da ya sami danshi ya saki. Don haka kada ku rina shi ko kaɗan. Ku rina ɓangaren gashi kaɗai, da tsumma matsattse, kada ku tsoma fata cikin tukunya. In ta bushe ku ɗauraye, ku sake ɗaurayewa har ruwan ya fito garau. Ku goge da dutse, ku bi da kakin zuma, ba mai ba, domin mai yana ɗaukar launi ya kai shi inda ba a aike shi ba. Shafi kuwa fatar tunkiya ce da aka jeme da bagaruwa, ba ta taɓa ganin rini ba, santsinta yana fuskantar takarda. Ku manna ta da ƙaro kaɗan a gefe, ku lanƙwaso bakinta ya rufe yankan jar fata, domin ta baki launi yake satar hanya. Zaren ciki ma fari. Kada aljihu ya matse takarda har ta kasa numfashi. Gwaji kuma ba da busasshen ƙyalle ba. Ku jiƙa farin ƙyalle da ruwan gishiri, ku ninke shi cikin alaben, ku sa a aljihun ƙirjinku ku yini da shi cikin rana. In ya fito da ko alamar launi, aikin bai gamu ba.

Kada ku ɗauka an yaba mana. Masu saye suka riƙa buɗewa, su ga fari, su ajiye. Dukawa 'yan uwanmu suka ce tsufa ya sa Labo rowa. Ya bar su. Ko da karan dafi ya dawo, bai ƙara rina cikin komai ba. Ciniki bai koma yadda yake ba har ƙarshen ransa.

Bayan damina Hamani ya zo. Ya yi sallama kamar baƙo, ya ce, "Ina wuni, Baba." Baba ya amsa, ya jira sauran, sauran bai zo ba.

"Ka kai mata?"

"Na kai. Ta fito da shi bakin ƙofa inda haske yake, don idonta ya yi rauni. Ta daɗe tana dubawa. Sai ta ce, ashe a fuska suka same shi."

Baba ya ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ba ka gaya mata rini ne ba?"

"Na gaya mata. Na faɗi sunanka, na nuna mata tabon da ke rigata. Ta ce in yi shiru. Ta ce tun ranar da manzon kumandan ya zo take roƙon Allah ya sanar da ita yadda ɗanta ya mutu, yanzu ya sanar da ita. Liman ya yi mata magana, ba ta ji ba. Ta yage gefen farin mayafinta ta naɗe hoton, ta haƙa rami a bayan ɗakinta ta rufe. Yanzu in ta idar da asuba, can take zuwa ta zauna."

Ya sa hannu a aljihu ya fito da sabon alaben, ya ajiye a kan katako.

"Ga gidan. Ba mai shiga."

Ya ci gaba da wucewa ta Zongo shekaru bayan haka. Yakan tsaya ya gaishe da Baba da ladabi, ya tambayi jiki, ya wuce. Bai sake kiransa bawana ba. Sau da yawa na ga Baba ya ɗaga kai in babbar mota ta tsaya a bakin hanya, ya kasa kunne, sannan ya koma kan basillarsa. Allah ya jiƙansu duka, da tsohuwar, da Saini da ba mu taɓa gani ba.

Alaben shi ne wancan da ke rataye a kan ginshiƙi, wanda kuke tambayata me ya sa ba na sayarwa. Ku sauko da shi, ku buɗe. Bayansa ya yi baƙi saboda tsufa, amma cikinsa yana nan fari tas, bai taɓa ɓata komai ba. Abin da aka yi shi dominsa ya riga ya ɓaci kafin a ɗinka shi.